Zartsin Uwar Rijiya

Ke Zinatu, wa ya aike ki? Wai da gaske ne na taɓa ƙetare teku. In ƙarya ne sai ki yi mini me? Tun la'asar nake cewa ki kwashe kwanukan nan ba ki kwashe ba, amma bakin tambaya kam Allah ya ba ki. Uwarki da na haifa ba ta taɓa tsare ni da ido ta ce in faɗa mata abin da na sha ba. Ku yaran yanzu kun ɗauka wahala tatsuniya ce, a riƙa ba ku kuna ɓarar gyaɗa. Kai Mudi, sauke ƙafarka daga kan tabarmata. Tun da kun tono, sai ku zauna ku ji, kuma duk wanda ya katse ni zai kwana da zafin kunne.

A ƙasar nan tamu da wata biyu ke fitowa, babba da ƙarami, a gaɓar tekun da ke shaƙar numfashi ya cika, ya fesar ya janye, nan aka kafa Birnin Sheƙi, nan aka yanke cibiyata, nan aka raɗa mini Tasalla. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Madaɓi na riƙe, icen bugun daɓe, tun ina shekara tara, kuma kafin a yaye ɗana na fari babu macen da ta fi ni hannu a daɓe. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambaya.

Ku ba ku san Sheƙi ba, sunan kawai kuka gada. A wancan zamani abin kunya ne a ga ƙasa tsirara a garin nan. Tsakar gida daɓe, lungu daɓe, kasuwa daɓe, dandali daɓe. Ko itace muka tarar sai mun daɓe shi har gindi. Mukan zuba jar ƙasa da tsakuwa, mu yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, mata arba'in mu jeru muna bugu muna waƙa har wurin ya koma kamar bayan ƙwarya. In an yi ruwan sama, kafin ka gama tauna goro ya gangare teku, ka fita da farar riga ka dawo da ita fara. Baƙi a ƙofar gari suke cire takalma, ba don an sa su ba.

Sai teku ya fara tasowa. Ba da gudu ba, kowace shekara taki ɗaya, kamar baƙon da ke matsowa kusa da akushi. Fatake suka ce can ƙarshen duniya akwai duwatsun ƙanƙara da ke narkewa, saboda hayaƙin wasu manyan birane da ba sa kashe wutar maƙerarsu. Mu ba mu hura wutar ba, ba mu mori abin da aka ƙera ba, amma ƙofarmu ruwan ya zo. Ya cinye rumfunan kifi, ya shiga unguwar masunta. Muka yi abin da muka iya, muka ƙara daɓe a kan daɓe.

Duk wannan da sauƙi. Rijiya ɗaya ce ke shayar da garin nan, Uwar Rijiya, wadda ke tsakiyar dandali. Wata safiya na ja guga na kai baki, na tofar. Zartsi. Bayan wata uku tuwo ya fara ɗaci, yara suka fara zawo. Uwarki, Zinatu, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba, leɓɓanta duk suka tsattsage.

Maza suka taru wurin mai gari Jatau. Suka ƙara wa rijiyar zurfi, zartsin ya ƙaru. Suka yanka baƙin bijimi, suka cinye naman, kakanku, Allah ya jiƙansa, har da ƙullo saura a hula. Rijiya ba ta san an yi ba. Daga ƙarshe mai gari ya sa aka yi shela cewa in damina biyu ta wuce ruwan bai gyaru ba, kowa ya naɗe tabarmarsa, gari ya watse.

Shugabar madaɓa a lokacin Goggo Tabawa ce, yayar ubana, ita ta fara ɗora hannuna a kan madaɓi. Ta kira ni ɗakinta ta ce ta gano matsalar: daɓenmu yana tsagewa, ta tsagar teku ke kutsawa ya sami rijiya. Abin da muke bukata haɗin da ko allura ba ta shiga. Ni ma haka na gani, kada wani ya ce na fi ta wayo. Ta ce in bar mata yara in bi gaɓa, duk garin da ke zaune da teku in duba da me yake daɓe, kada in dawo sai da haɗin. Ta zaɓe ni, in ji ta, don na fi kowa hannu kuma na fi kowa taurin kai.

Tunau ne ya ɗauke ni, ɗan kawuna, taubashina, mai kwalekwale. Ya shaida wa mutanen bakin ruwa cewa sadaka yake yi wa gari, a huta da bakina na 'yan watanni. Na ce ya tuƙa, in ya nutsar da ni ko a lahira sai na same shi.

Kwana tara muna tafiya muka ga wani abu ya tare gabas baki ɗaya. Birnin Katanga ke nan. Tsawon katangarsu, rana ba ta leƙa garin sai ta take tsaka, tsuntsu kuwa sai ya huta sau biyu kafin ya tsallake. Duk taki ɗaya da teku ya ƙara, su sai su ƙara kamu goma. Muka ɗaure jirgi a waje, aka jefo mana tsani. Muna sauka ciki aka janye tsanin, aka ce al'adarsu duk baƙon da ya shigo sai ya yi dakon dutse har watan nan biyu su haɗu a sama. Saura wata huɗu. Na faɗa wa dogarin da ke tsaronmu abin da nake gani game da shi da uwar da ta yi tarbiyyarsa, aka ƙara mini dutse ɗaya a kai.

Da nake dako ina dubawa. Katanga ce ta ƙwarai, ban raina ta ba. Sai dai duk zagayenta babu wuriya ko ɗaya, ba inda ruwa zai fita. Ko yarinya ta san ba a daɓe tsakar gida sai an bar wa ruwa ƙofa. Na tambayi wata mata, ta kama bakina ta ce a garin nan wanda ya ambaci huji a katanga kansa ake sarewa.

Rana ta biyar hadari ya haɗu. Aka yi kwana uku ana zuba. Ruwan da suka hana shigowa yana waje yana kallonsu, wanda ya sauko daga sama ya rasa hanya. Gari ya cika kamar kwatarniya, daga gwiwa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙirji. Mata suka ɗora yara a kai. Sarkinsu yana kan soro yana ba da umarni a ƙara dutse.

Na ce wa Tunau ya tsinko ƙyauren wani gida ya biyo ni. Na bi gindin katangar ina ƙwanƙwasawa da madaɓi a ƙarƙashin ruwa. Madaɓiya da kunne take aiki, ta san sautin wuri mai ciki da na wuri mai rami. Wajen azahar na ji wani wuri ya amsa daban. Ashe kakanninsu sun fi su hankali, sun bar wuriya babba, jikoki suka toshe. Muka jira teku ya janye, muka sa sandar tuƙi muka ɓamɓare dutsen tsakiya. Sauran aikin, ruwan da kansa ya ƙarasa. Ya zuƙe mu da ƙyauren, ya wurgo mu waje kan laka, Tunau yana salati, ni ina riƙe da madaɓina.

Kun san da me suka gode mana? Da kibau. Ruwa yana sauka daga wuyan 'ya'yansu, su suna kan katanga suna harbinmu don mun huda ta. Muna tura jirgi ina ɗaga murya ina ce musu su sa wa hujin ƙyaure, in teku ya cika su rufe, in ya janye su buɗe. Ko sun ji ko ba su ji ba, ban koma na duba ba.

Gari na biyu sunansa Dogayen Ƙafa. Nan gidaje a kan ƙafafun ƙarfe suke, kowace ƙafa tsawon giginya uku, kuma duk shekara sai su murɗa wani ƙarfe gidan ya ƙara tashi. Daga nesa sai ka ce garken zalɓe. Da muka matso sai muka ga akwai wani garin a ƙarƙashi, talakawa a cikin kwalekwale, ba sa ganin rana, aikinsu shafa wa ƙafafun mai don kada su yi tsatsa. Duk abin da na sama suka zubar, a kansu yake sauka. Na bar Tunau a cikinsu, aka ja ni sama a kwando.

Da ƙafata ta taɓa daɓensu sai da na durƙusa na shafa. Toka-toka, santsi kamar tafin jariri, tauri kamar dutsen niƙa, babu tsaga ko ta gashi. Hassada ta kama ni. Babban magininsu, wani mai suna Kwasau, ya ce zai nuna mini haɗin in na goge masa daɓen gidajensa kwana arba'in. Na goge. Ya nuna mini yadda ake ƙona farin dutse da katantanwar teku a niƙa a cakuɗa da yashi, ya kuma ba ni buhu guda na garin.

Abu ɗaya ya dame ni a can. In ka roƙi ruwan sha, a ɗan kofin da bai fi ɓawon ƙwai ba za a ba ka, yana warin salka, jiragen nesa ke kawo shi. Na tambayi matar Kwasau ina rijiyarsu. Ta yi dariya ta ce ai ta daɗe da mutuwa, tun teku bai hau titi ba, shekara biyu bayan sun gama shafe garin da wannan haɗin. Ta faɗa, na ji da kunnena, na ce Allah sarki, na ci gaba da guga. Jaka, in kuna neman sunan wadda ta yi haka.

Da kwana arba'in suka cika Kwasau ya ce kwandon ya lalace. Washegari ma ya lalace. Na gane ya sami baiwa a ɓagas. Da hantsi, suna cin abinci, na jefa buhun ƙasa, na kwance gyautona na zagaya shi a ƙafar ƙarfen, na riƙe bakin biyu na sulale. Man da talakawa ke shafawa shi ya sauko da ni, da saurin da ban nema ba. Tunau ya cafe buhun, ni ya bar ni na faɗa cikin ƙazantar masu gari. Da yake jawo ni ya ce ai buhun aka aiko mu nema, ni kuwa ko teku ba zai riƙe ni ba.

Muka juya gida ina murna. Kwana shida, iska ta taso ta karya mana sanda, ta kora mu cikin wani daji da ke tsaye a ruwan gishiri, itatuwa masu saiwa a waje kamar ƙafar gizo-gizo. A nan na ga kifi yana tafiya a kan laka da hannuwa, yana hawa itace yana harararmu. A waje raƙuman ruwa sun fi soro, a cikin dajin ko ƙwarya ka ajiye ba za ta kife ba. Wata mata mai kamun ƙaguwa, Gwamma, ita ta tsince mu ta kai mu garinsu, Tungar Laka.

Ban taɓa ganin gari mai muni irinsa ba. Gidaje a kan tudun da aka tara da hannu, hanyoyi yashi da ciyawa, kowace unguwa da kududdufinta, kwaɗi suna ta surutu da rana tsaka. Gefen teku ga wani fili makeke an bar shi ba gida ba gona. Na tambaya, Gwamma ta ce na teku ne, in watan nan biyu suka haɗu a sama nan yake kwana, don haka ba ya shigo musu ɗaki. Na ce a raina mutanen nan ragwaye ne. Sai ta miƙo mini ruwa. Na sha, na ƙara, na ƙara, sai da na ji kunya. Rijiyarta taki talatin ce daga bakin teku, ta fi tamu kusa nesa ba kusa ba, amma ruwan garɗi kamar na farkon damina.

Ta ciyar da mu kwana goma Tunau yana gyaran jirgi. Sai ta tafi dashen itatuwan ruwa da matan unguwa, aikin kwana uku. Na dubi tsakar gidanta, taɓo ko'ina, na ce baiwar Allahn nan ba zan tafi ban saka mata ba. Na farke buhun Kwasau na kwaɓa rabi. Kwana uku ban miƙe ba. Na yi mata daɓen da ban taɓa yin irinsa ba, daga ƙofa har gindin rijiya, na zauna ina jiran godiya.

Da ta dawo ta tsaya a ƙofa ba ta shigo ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye kwandonta ta tafi ta kira unguwa. Ashe a dokarsu wanda ya rufe ƙasa fiye da cikin ɗakin kwanansa, daidai yake da wanda ya jefa mushe a rijiya, hukuncinsa a sa shi a jirgi ba sanda. Na tashi na ce musu ni 'yar Sheƙi ce, abin da na yi wa matar nan sarakuna ba su samu ba. Wani tsoho ya tambaya ko rijiyar Sheƙi tana nan lafiya. Na koma na zauna.

Gwamma ta ce a dakata, wannan ba mugunta ba ce, jahilci ne. Ni, a gaban mutane. Ta ɗauko kwando ta cika da yashi, ta zaunar da shi a cikin kwatarniyar ruwan teku, ta soka karan da aka huda a tsakiya. Ta riƙa tsiyaya ruwan sama a kai a hankali, ta ce in zuƙa. Na zuƙa, daɗi. Sai ta rufe yashin da fata ta ci gaba da tsiyaya, ruwan yana gangarewa gefe. Muka zauna har inuwa ta juya. Ta ce in sake zuƙa. Gishiri ya cika mini baki.

"Ruwan sama in ya shiga ƙasa, zama yake yi a kan na gishiri ya danne shi," in ji ta. "Rijiya daga nan take sha. Ku kun ɗinke wa ƙasa baki, teku kuma yana turowa ta ƙarƙashi. Yaushe kuka rufe fili na ƙarshe, 'yar'uwa?"

Shekara bakwai kafin nan ne, fadamar bayan kasuwa. Ni na ja gaba, ni na ba da waƙa, har aka ba ni zane.

Hukuncin da suka yanke mini shi ne in fasa abin da na yi. Kwana biyu na ƙi, ina zaune a kai kamar kaza. Na uku na karɓi diga. Haɗin Kwasau ya ci mini kwana shida da farcen babban yatsa. Gwamma ba ta taya ni ba, amma kullum tana ajiye mini abinci, da yamma kuma ta zaga da ni ta nuna mini yadda ake haƙa kududdufi, da inda ake dasa itatuwan. Da za mu tafi ta cika mana jirgi da 'ya'yan itatuwan. Ragowar buhun ruwa ya taɓa shi ya daskare, Tunau ya ɗaura masa igiya ya mai da shi anka, nauyin tsayar da jirgi. Ya ce a ƙarshe dai tafiyar ta yi amfani.

Muka iso gida damina ɗaya ta riga ta wuce. Goggo Tabawa ta fito bakin ruwa da madaɓa suna guɗa. Na bari sai da muka shiga ɗakinta, na durƙusa na faɗa mata duka. Ta saurara har ƙarshe, uwarki tana kan cinyarta.

"Hannun uwata yana cikin daɓen dandalin nan," ta ce. "Na uwarki ma yana ciki. In kika taɓa shi, Tasalla, ba ni ba ke."

Na ce, "Goggo, dubi bakin yarinyar nan."

Ta sauke yarinyar ta miƙo mini, ta juya fuska ga bango.

Na je wurin mai gari. Na tarar da maza suna shawarar gina katanga. Na faɗa musu abin da na gani a inda aka gina, na kawo kwando da kwatarniya zan nuna musu. Wani ya ce tun yaushe macen da ba ta san alif ba take tsara gari. Mai gari ya ce zai yi tunani. Na san tunaninsa, shekara uku ya yi yana tunanin gyaran ƙofar gidansa.

Ran kasuwa, rana tsaka, na ɗauki diga na tsaya a gindin Uwar Rijiya na ɗaga na sara. Ƙarar ta tsayar da ciniki. Na yi sara bakwai kafin su kama ni. Matan da muka yi shekara ashirin muna jere kafaɗa da kafaɗa su suka fara dukana, da madaɓai. Aka kulle ni a ɗakin da ake kulle ɓarayi.

Kwana biyu ina ciki na ji gari ya ɗauki ƙara. Tunau ne. Ya je wurin matan masunta, waɗanda teku ya riga ya kora suna raɓe a zaurukan mutane, ya yi musu abin kwando da kara, da hannunsa mai kama da fartanya. Biyu daga cikinsu sun binne yara a shekarar. Suka fito da taɓare da gatura. Mai gari ya leƙo ya ga yawansu, ya ce garin da za a bari, a fasa ko kar a fasa duk ɗaya ne, a buɗe ni.

Muka yi kwana hamsin muna fasa. Muka bar siraran hanyoyin ƙafa, sauran duka muka ɓare. Ƙasar da ke ƙarƙashi fara fat, busasshiya, ko tsutsa babu. Ɓaraguzan muka tara muka yi tudu muka ɗora gidajen masunta a kai. Muka haƙa kududdufi biyar. Tsohuwar unguwarsu muka bar wa teku, muka dasa itatuwan Gwamma a gabanta. Gida ɗaya ne ba mu taɓa ba, na Goggo. Ta zauna a ƙofa da madaɓinta a cinya, babu wadda ta iya haɗa ido da ita.

Damina ta sauka, gari ya zama taɓo. Liman ya zame a ƙofar masallaci, aka tsine mini. Sauro ya zo, aka tsine mini. Na haƙura, ina jiran kaka. Da ruwa ya ɗauke na ja guga a gaban kowa na kai baki. Zartsi, kamar ba a yi komai ba.

Ba wanda ya dake ni ranar, da ma sun dake ni. Kashi ɗaya cikin uku na garin nan suka ɗaure kaya, har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ban sake ganinsa ba. Mai gari ya kira mai shela don a ce gari ya watse. Na tare shi a zaure na ce ƙasar da aka hana ruwa tun zamanin kakar kakata ba za ta ƙoshi da damina ɗaya ba, ga kududdufai biyar cike, a tafasa a sha, su kai mu rani. Ya ce in suka ƙafe fa? Na ce ranar ni zan riƙe wa mai shela ganga. Aka rufe bakin rijiyar da katako aka ɗora dutse, don mutane sun gaji da jan baƙin ciki.

Kududdufan suka kai mu, da ƙyar, na ƙarshe har muna tace shi da zane. Wata daminar ta zo ta wuce. Babu wanda ya ɗaga dutsen, ni ma ban ɗaga ba. Tsoro nake ji, kuma in kuka faɗa wa wani na faɗi haka zan ce ƙarya kuke.

Bayan kaka Goggo ta kwanta. Na je sau uku, sau uku ta sa aka ce tana barci. Ran wata Laraba da hantsi ta cika. Ba ta da 'ya mace, wanka ya faɗo kaina. Aka kawo mini ruwan kududdufi a tulu, ja, da ɗan kwaɗo a ciki. Matar da ta yi shekara saba'in ƙafarta ba ta taɓa taɓo ba. Na ce ba za a yi mata da wannan ba, gara zartsin, ko ba komai fari ne.

Na je dandali ni kaɗai na ture dutsen, na zura guga. Ban ɗanɗana ba, na juye a tulu na wuce. Sai da na zuba ganyen magarya na kaɗa, na ga kumfa ta taso har tana zuba gefen ƙwarya. Ruwan zartsi ba ya kumfa. Na ɗiba da tafin hannu na kai baki, a nan gabanta, tana kwance.

Na yi mata wankan a hankali, na gama, na naɗe ta. Ban faɗa wa kowa rijiya ta gyaru ba sai da maza suka dawo daga maƙabarta. Suka ruga dandali, mai gari har da yar da rawani, aka yi ta kabbara. Ni ina zaune a kan daɓenta. Kuma har yau fushi nake da ita. Shekara biyu tana da bakin yi wa kaji magana, ni ba ta da shi. Da ta bar ni na shiga sau ɗaya, da na je na jawo mata ruwan rijiyar ko don in ba ta haushi, da ta sha.

Teku kuwa bai fasa ba, kada ku ji daɗi. Bana ma ya ƙara taki, masu hayaƙi ba su kashe wutarsu ba, filin da muka ba shi ya kusa yi masa kaɗan. Ni na yi nawa, gwiwoyina sun ƙare. Saura ku da kuke zaune baki buɗe.

Ke Zinatu, share fuskarki, ba ke aka yi wa ba. Mudi, ɗauki ƙanenka, ya yi barci a kan ƙafata tun muna Dogayen Ƙafa. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nufi shimfiɗarsa, kuma kada in ji motsin kowa.